Gefen goshina ya lotsa, ko allurar fila za ta cike min shi?

"Assalamu alaikum likita. Dan Allah shawara nake nema. Shekarata 44, 'ya'yana biyar. Cikin shekara ɗayan nan na rage ƙiba wajen kilo 15, dama ni na so hakan saboda ciwon gwiwa, to amma yanzu gefen goshina, nan tsakanin ƙarshen gira da kunne, duk ya lotsa ciki har ƙashin gefen idona ya fito. In na ɗaura ɗankwali abin sai ya ƙara bayyana, duk inda na shiga sai an min sannu ana tambaya ko ba ni da lafiya ne. Wata mai gyaran amare a unguwarmu tace tana yin allurar fila, kuma a zama ɗaya za ta cike min wurin. Bikin 'yata saura sati bakwai. Shin abin yana aiki? Akwai illa? In yi ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri, Allah ya nuna mana lokacin bikin da rai da lafiya. In na fahimce ki tambaya uku kika haɗa waje ɗaya: ko fila, wato maganin da ake zubawa da allura a ƙarƙashin fata dan a cike wurin da ya faɗa, tana cike ramin gefen goshi da gaske, ko akwai hatsari a ciki, sannan ko mai gyaran amaren nan ce ta dace ta yi miki. Bari in ba ki a gajarce kafin in zauna in warware. Eh tana cikewa, kuma gaskiya yana cikin wuraren da nake jin daɗin yi wa mutane, saboda in an yi shi daidai fuska tana dawowa cikin hayyacinta ba tare da kowa ya gane an taɓa komai ba, sai dai a ce Hajiya kin yi kyau kin huta. Eh akwai hatsari, ba kasafai yake faruwa ba amma in ya faru babba ne, har da makanta a ciki. Ta ukun kuwa a'a. Dan Allah kar ki bari ta sa miki allura a wurin nan, ko ƙawarki ce, ko kyauta tace za ta yi miki.

Me yake sa wurin ya lotsa

Ki ɗora yatsunki a gefen goshin yanzu, sai ki cije haƙoranki da ƙarfi. Za ki ji wani abu ya taso ya tokari yatsun. Wannan tsokar tauna ce, ta shimfiɗu a gefen ƙoƙon kai kamar mafici, ta gangara ta ƙarƙashin ƙashin kunci ta je ta kama muƙamuƙi. Shi ƙashin wurin dama can ba a miƙe yake ba, kwarmi ne da shi kamar 'yar tasa, tsokar nan da kitse ne suka cike tasar har wurin ya zo daidai da goshi da kunci. Kitsen ma hawa hawa ne, akwai na ƙarƙashin fata, akwai wanda yake can ciki tsakanin yaɗin da ya lulluɓe tsokar, akwai kuma wanda ya haɗe da kitsen kumatu. To duk abin da ya rage kitsen nan ko ya rage tsokar, tasar za ta bayyana. Kuma da ta bayyana sai abubuwa su biyo baya: wutsiyar gira ta ɗan sauko saboda abin da ya tallafe ta ya tafi, ƙashin gefen ido ya fito, jijiyoyi su fara nunawa, saman fuska ya tsuke ƙasan ya zama kamar ya fi faɗi. Shi yasa mutane ke miki sannu. Ido ya saba ganin irin wannan ramin a fuskar wanda ya daɗe yana jinya, dan haka ko lafiyarki ƙalau, wanda ya kalle ki abin da zai fara zuwa ransa kenan.

Shekaru suna kawo shi, wannan kowa ya sani, daga wajen shekara 40 kitsen fuska yana raguwa yana sauka ƙasa, ƙashi ma kansa yana ɗan zaizayewa. Akwai kuma masu gado, za ki ga yarinya 'yar shekara 25 siririya doguwa gefen goshinta a lotse, ki kalli mahaifiyarta ki ga haka take. Rage ƙiba da sauri shi ne wanda na fi gani a 'yan shekarun nan, musamman tunda alluran rage ƙiba irin su Ozempic suka yaɗu, jiki ba ya zaɓen inda zai cire kitse, kina so tumbi ya tafi shi kuma ya fara da fuska. Wanda haƙoransa na tauna suka zube a ɓangare ɗaya shima tsokar ɓangaren tana ramewa saboda ta daina aiki. Akwai kuma tsofaffin magungunan cutar ƙanjamau, musamman wanda ake kira stavudine, da suka riƙa cinye kitsen fuskar mutane, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina amfani da shi wajen 2010. Na ambata ne dan ki san tarihin abin, dan wasu daga cikin filolin da ake ado da su yau saboda waɗannan majinyatan aka fara amincewa da su.

Amma ga inda nake so ki tsaya ki saurare ni da kyau. A asibiti in muna duba majinyaci muna so mu gane ko jikinsa yana cinye kansa, gefen goshi yana cikin wuraren da muke fara kallo. Ciwon suga da ba a gano ba, ciwon maƙoƙo irin wanda yake sa jiki ya yi ta ƙona abinci da sauri, tarin fuka, ciwon ƙoda, ciwon daji, duk suna iya fara nunawa a nan. Ke kin ce da gangan kika rage ƙibar, alhamdulillahi, to amma ki tambayi kanki tsakani da Allah: kilo 15 ɗin nan ya yi daidai da ƙoƙarin da kika yi, ko ya zarce? Har yanzu kina ramewa ko kin tsaya? Akwai yawan ƙishirwa da fitsarin dare? Tari da ya wuce sati biyu, zufar dare, faɗuwar gaba, rawar hannu, ko jinin al'ada da ya rikice? Na taɓa samun wata baiwar Allah da ta zo da kuɗinta a hannu tana so a cike mata gefen goshi da kumatu, tana ta murna wai shayin rage tumbin da take sha ya karɓe ta. Muna cikin hira tace sau huɗu sau biyar take tashi fitsari da dare. Na ce a gwada sugarta kafin komai, abin da muka gani ranar ba a yi maganar fila ba, ɓangaren masu ciwon suga na tura ta. Bayan wata shida da ta dawo fuskarta ta ciko da kanta fiye da rabi. Da na karɓi kuɗin na yi mata allurar, da na rufe mata alamar da jikinta yake nuna mata ne kawai. Dan haka kafin fila, gwajin suga, gwajin jini na gaba ɗaya, da na maƙoƙo in akwai alama. Ba su da tsada in aka gwada da kuɗin filar.

Wani abu kuma, in har yanzu kina kan rage ƙiba, ki bari nauyin ya tsaya waje ɗaya na 'yan watanni tukunna. In aka cike yau kika ƙara zubar da kilo 6, ramin zai dawo, in kuma kika mayar da ƙibar wurin zai iya yin tudu.

Ita filar mece ce

Kalmar fila tarkace ce, abubuwa da yawa ne a ƙarƙashinta, kuma nan ne ake cutar mutanenmu dan ba sa tambayar wace iri ce za a sa musu.

Wadda aka fi amfani da ita, kuma ita nake ba duk mai farawa shawara, ita ce ta sinadarin hayaluronik asid. Wani abu ne mai yauƙi garai garai kamar ruwan kuɓewa mai kauri, dama akwai shi a fatar mutum da gaɓoɓi da cikin ido, aikinsa riƙe ruwa. Da can daga tukun zakara ake tatso shi, yanzu a masana'anta ake samar da shi ta hanyar wasu ƙwayoyin halitta da ake kiwo, sannan a ɗaure shi da wani sinadari dan kar jiki ya narkar da shi cikin kwana biyu. Sunayen da za ki ji su ne Juvederm, Restylane, Belotero, Teosyal da makamantansu, kowane kamfani kuma yana da mai kauri da mai laushi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara amincewa da Restylane a 2003, amma sai a 2024 ta amince da wata fila ta wannan rukunin musamman dan gefen goshi, wato Juvederm Voluma XC, ga waɗanda suka haura shekara 21, kuma a gwajin da aka yi an ga tana riƙewa har wata 13. Kafin nan likitoci sun daɗe suna yi a wurin bisa ƙwarewarsu. A abin da nake gani a wajen aiki, gefen goshi yana cikin wuraren da fila ta fi daɗewa saboda ba ya motsi kamar leɓe, wasu shekara ɗaya, wasu har ɗaya da rabi kafin su nemi ƙari.

Babban dalilin da yasa nake fifita ta kuwa ɗaya ne, tana da makari. Akwai allurar da ake kira hayaluronides, in aka sa ta tana narkar da filar cikin sa'o'i. In bai yi miki kyau ba a narkar, in ya yi ƙullutu a narkar, in kuma Allah ya kiyaye ta shiga jijiyar jini, wannan allurar ita ce abin da ake rugawa a ɗauko. Sauran filolin ba su da irin wannan.

Akwai Sculptra, ita ba cikewa take nan take ba, gari ce ake damawa da ruwa a zuba, sai ta riƙa zaburar da jiki yana saƙa nasa kolajin, wato sinadarin da ke ba fata ƙarfi da kauri, a hankali. A 2004 aka amince da ita a Amurka dan masu ramewar fuska saboda magungunan ƙanjamau, daga baya a 2009 aka buɗe ta ga masu ado. Tana bukatar zama biyu ko uku, tsakanin kowanne wajen sati huɗu zuwa shida, sakamakon kuma sai bayan watanni yake cika, amma yana iya kai shekara biyu. Ga wadda fuskarta ta faɗa gaba ɗaya, goshi da kumatu da haɓa, tana da kyau sosai. Ga mai biki nan da sati bakwai ba ta da amfani. Akwai Radiesse, fara ce kamar man goge baki, da ƙananan ƙwayoyin sinadarin da yake cikin ƙashi aka yi ta, tana cikewa nan take kuma tana daɗewa, amma ita ma in an sa an sa kenan sai jiki ya cinye ta da kansa. Akwai kuma dashen kitse, a zuƙo daga cikinki ko cinya a tace a zuba a fuska, wannan tiyata ce, aikin likitan tiyatar gyaran jiki ne, wani kaso na kitsen yana narkewa wanda ya kama kuma ya zauna shekaru, in kika yi ƙiba shima ya ƙaru.

Sai wadda nake roƙonki da girman Allah ki guje mata: duk abin da aka ce miki na dindindin ne, ko aka zuƙo shi daga wata kwalba ko roba mara suna. Ruwan silikon, man jarirai, wasu mayuka da ba a san kansu ba. Shekara ta farko lafiya lau, daga baya su fara gangarowa, su yi tauri, su kumbura, kuma ba sa narkewa, sai dai a yanka a kankare abin da ya kankaru. Na ga wata da aka yi wa irin wannan a wani shagon gyaran jiki, shekara uku bayan nan abin ya sauko mata har fatar ido, da kanta ba ta san sunan abin da aka zuba mata ba, wadda ta yi mata kuma ta daɗe da tashi daga shagon. Na kasa mantawa da matar nan.

Inda hatsarin yake

Ki sake ɗora yatsa a gaban kunnenki ki ɗan haura sama, za ki ji bugun jini. Wannan babbar jijiya ce da take kawo jini daga zuciya zuwa fatar kai, reshenta ɗaya yana ratsa gefen goshi ya nufi saman gira, a can kuma yana haɗuwa da ƙananan jijiyoyin da suka fito daga cikin kwarmin ido. A ƙarƙashin tsokar akwai wasu guda biyu a kwance kusa da ƙashi. Akwai kuma wata jijiya mai faɗi da take mayar da jini, a kwance take kaɗan sama da ƙashin kunci, ga kuma siririyar jijiyar da take ɗaga gira. Duk a ɗan wurin nan da bai kai tafin hannu ba.

In bakin allura ya faɗa cikin jijiyar jini aka danna, filar tana shiga ta toshe hanyar kamar yadda leda ke toshe kwata. In ta toshe wadda ke ciyar da fata, fatar wurin ta fara mutuwa, wani lokacin gashin wani yanki na kai ya zube. In kuma ƙarfin dannawar ya tura ta baya ta bi ta mahaɗar nan ta shiga jijiyar ido, gani yana ɗaukewa nan take, kuma mafi yawan waɗanda hakan ta same su bai dawo ba. A 2015 wasu likitoci sun tattara rahotannin duniya na waɗanda ganinsu ya taɓu sanadiyyar allurar cike fuska, suka samu 98, kusan rabi daga dashen kitse ne. Wuraren da suka fi yawa su ne tsakanin girare biyu da hanci, gefen goshi bai kai su ba amma yana cikin lissafin. In kika duba miliyoyin alluran da ake yi duk shekara adadin ƙanƙani ne ƙwarai, ba na so in firgita ki fiye da kima. Amma wadda abin ya faɗa wa lissafi ba zai mata amfanin komai ba, garin neman gira ta rasa ido.

Mu kuma masu baƙar fata akwai wani ƙarin abu. Alamar farko ta toshewar jijiya ita ce fata ta yi fari fat sannan ta yi dabbare dabbare, a jikin bature ana gani daga nesa, a jikinmu sai wanda idonsa ya saba, sai an danna an ga yadda jini ke dawowa, an gwada da ɗaya ɓangaren, an saurari irin zafin da mutum ke faɗa. Wadda ta koyi aikin a bidiyon waya ko kwas ɗin kwana uku duk hotunan da ta gani na farar fata ne. In ma ta gane me za ta yi? Tana da makarin a firjinta? Ta san yawan da ake sawa da kuma sau nawa? Ta san likitan ido da za ta kira a cikin mintunan nan? Dan in ido ne lokacin ba ya wuce awa ɗaya da rabi, da yawa daga masana ma suna ganin bai kai haka ba. Ba raina sana'ar masu gyaran amare nake ba wallahi, dilka da halawa da lalle sun fi ni iyawa nesa ba kusa ba, kuma ina tura musu mutane. Amma allura a fuska ba layinsu ba ne. Haka nan wani abu kamar biro da ake tallarsa wai yana harba fila ba tare da allura ba, ita hukumar ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kansa tun 2021, ba a iya sarrafa inda maganin yake zuwa.

Ƙananan illolin kuma kusan kowa yana samun wani abu a ciki: kumburi, ɗan taruwar jini, ciwon kai na kwana ɗaya zuwa uku, jin tsami in ana tauna ko hamma saboda an taɓa tsokar, jijiyoyin wurin su ɗan fito na wasu kwanaki. Wasu bayan watanni wurin ya kumbura ko ya yi ƙullutu in sun yi mura mai zafi ko aikin haƙori, yawanci yana jin magani. In kina shafa man bilicin, musamman masu sinadarin sitiroyid, ki faɗa wa likita gaskiya kar ki ji kunya, dan suna sa fata ta yi siriri, jini ya fi taruwa, ƙwayar cuta ta fi saurin shiga, filar ma ta riƙa nunawa ta ƙarƙashin fata. In jikinki mai yin tabo ne mai tudu irin wanda ke fitowa bayan hujin kunne, shima ki faɗa, duk da hujin allura bai cika kawo shi ba. Mai ciki da mai shayarwa ba ma yi musu. Mai ƙurji ko ciwo a wurin sai ya warke. Mai sikila, mai shan maganin tsinka jini, mai cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jiki, sai an zauna da likitan da ke duba su tukunna, kuma kar ki daina asfirin ko wani magani da likita ya ɗora ki a kai da kanki saboda fila.

Yadda ake yi in an zo yi

Ni dai ga yadda nake yi. Ina zaunar da mutum a miƙe ba a kwance ba in kalli fuskar ta gaba da ta gefe, in ɗauki hoto, dan kusan kowa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya zurfi kuma ba ya lura sai bayan an yi ya ce an masa ba daidai ba. In lalubo bugun jijiyar in yi mata alama. A wanke wurin sosai har cikin gashi. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai a sa allura ta nutse har ta taɓa ƙashi, a wani gurbi da ke sama kusa da ƙarshen gira inda jijiyoyi suka fi ƙaranci, a ja baya a duba ko jini zai biyo, sannan a zuba a hankali ƙwarai. Ko kuma a yi amfani da kanula, wata doguwar allura mara tsini da ake zurawa ta ƙaramin huji a shimfiɗa filar tsakanin yaɗin da ke ƙarƙashin fata. Kowacce da amfaninta, ta ƙashi ta fi cin magani amma ba ta nuna ƙullutu, ta kanula ta fi tattali amma tana son hannu mai laushi. Babu wadda ta kawar da hatsarin gaba ɗaya a cikinsu, jan baya a ga babu jini ma ba tabbaci ba ne, duk wanda yace miki nashi salon ba shi da hatsari sam bai faɗa miki gaskiya ba.

Yawan maganin, galibi rabin mililita zuwa mililita 1 a kowane ɓangare, sirinji ɗaya kuma mililita 1 ne. Mai rami sosai kamar yadda kika kwatanta naki tana iya bukatar fiye da haka, amma ni ba na zubawa duka a rana ɗaya, na fi so in yi kaɗan ki dawo bayan sati biyu zuwa huɗu mu duba. Kuma ba a so a cike wurin ya yi tudu. Gefen goshin mace mai shekara 44 in ya zo daidai ko ya ɗan rage kaɗan ya lotsa shi ne kyansa, in ya kumbura sai kai ya zama wani iri. Aikin kansa bai fi minti 20 zuwa 30 ba, akwai maganin kashe zafi a cikin yawancin filolin, abin da mutane suka fi faɗa shi ne wani ƙara ƙurus ƙurus da suke ji kusa da kunne da kuma nauyi a wurin.

Bayan an yi, kwana biyu ba motsa jiki mai ƙarfi, ba zama a zafin murhu ko turara jiki, ba dilka ba gyaran fuska na sati biyu. Ga wanda littattafan turawa ba za su faɗa miki ba: kar ki ɗaure ɗankwali ko gwaggwaro tamau a kan wurin na wajen sati ɗaya, hular cikin hijabi mai matsewa ma haka, kitso mai jan gashin gaba ki ɗaga shi, in kina sa tabarau ki duba kar ƙafarsa ta riƙa danna wurin. Sujada ba matsala tunda goshi ne ke taɓa ƙasa. In kuwa kika ji zafi mai tsanani da yake ƙaruwa maimakon raguwa, ko fatar ta canza launi, ko ƙuraje masu ruwa suka feso bayan kwana biyu ko uku, ko gani ya yi hazo, ko fatar ido ta sauko, ba a jira gari ya waye, a kira wanda ya yi a tafi asibiti a lokacin.

To batun biki

Sati bakwai ya isa, amma ba ki da na ɓatawa. Satin nan ki yi gwaje gwajen da na faɗa. In sun fito lafiya kuma nauyinki ya tsaya, ki ga likita a sati na biyu, a yi zaman farko, ya rage saura wajen sati biyar, in da ƙari a yi shi saura sati uku. Daga saura sati biyu kar ki bari a taɓa miki fuska da allura ko waye, gara ki shiga bikin da ramin da ki shiga da kumburi ko baƙin taruwar jini a gefen ido. In lokacin ya ƙure ki bari sai an watse, mai ɗaurin kallabi da ta iya aikinta in ta sauko da ɗaurin ya rufe gefen goshin, aka ɗan haska wurin da hoda, ba mai lura a hoto.

Wajen zaɓen wanda zai yi, ki nemi likitan fata ko likitan tiyatar gyaran jiki, mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN in a Najeriya kike. Asibitocin koyarwa suna da sashen fata, ko ba sa yin filar a nan za su iya nuna miki wanda yake yi. In kin je ki yi tambaya kar ki ji nauyi, kuɗinki ne fuskarki ce. Wace fila ce, meye sunanta? A buɗe kwalin a gabanki, ki ga ranar lalacewa da lambar rukunin, ki ɗauki hotonsu ki ajiye, ki duba rajistar NAFDAC, dan jabu sun yi yawa a kasuwa. Akwai hayaluronides a ɗakin nan yanzu, a nuna min? Sau nawa kuka yi gefen goshi? In wani abu ya faru da dare wa zan kira? Likitan kirki daɗi zai ji kin tambaya, wanda ya ɓata rai ki ɗau jakarki. Kuɗin kuma da dala ake shigo da kayan, sirinji biyu na gaske ba za su yi arha ba, in kika ji farashin da ya yi daɗi da yawa to ki tuna araha ba ta ado. Ki kuma sa a lissafi cewa ba sau ɗaya ba ne, bayan shekara ko fiye in kina son ya ci gaba sai an sake. In kuma kika ƙi sakewa wurin komawa yake yadda yake a da, ba ya fin da lalacewa kamar yadda ake yaɗawa.

Wasu kan tambaye ni hukuncinsa a addini, wannan fagen malamai ne, abin da zan iya ba ki shi ne bayanin da za ki kai musu: ba tiyata ba ce, narkewa take da kanta, kuma mayar da wurin ake yadda yake kafin ya faɗa.

Duk abin da na faɗa a kan kwatancenki na gina shi Hajiya, ban ga fuskarki ba ban taɓa wurin ba, kuma sau da yawa mace za ta zo tana nuna gefen goshi in na duba sai in ga kuncin ne ya fi faɗawa, ko girar ce ta sauko, wanda fila a gefen goshi kaɗai ba za ta gyara ba. In kina da hoton fuskarki na shekara biyar ko goma da suka wuce, wanda kika kalli kyamara sosai ba kwalliya da yawa, ki tafi da shi ranar da za ki ga likitan, da shi zai gane inda ya kamata ya tsaya. Ki fara da gwajin sugan gobe da safe kafin ki karya. Allah ya ba da zaman lafiya, a gaida amarya.